TSARABA: A FARA DA WADDA TA RIƘE YARA

Yau ina so mu yi magana a kan wani abu da kowace mace ta sani, kowace kuwa ta taɓa bayarwa ko ta karɓa, watau tsaraba. Na san wata za ta ce, haba, duk matsalolin da ke damun mata a rasa abin da za a ɗauko sai tsaraba? To, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, domin ni dai na ga ɗan ƙaramin abin nan ya sa matan da suka shekara goma suna cin tuwo a kwano ɗaya sun koma gaisuwa daga bakin ƙofa.

Bayan aikin Hajjin 2024, shekarar da jirgin farko na alhazan Nijeriya ya tashi daga filin jirgin sama na Birnin Kebbi ran 15 ga Mayu, na je Dangamaji ta ƙasar Jega domin in yi wa wata 'yar'uwata barka da sauka. Ita da maigidanta Allah ya nufa suka tafi tare. Sun bar yara biyar, ƙaraminsu bai cika shekara biyu ba, saboda tafiyar ma aka yaye shi. Wadda aka bar wa su ita ce faccalarta, matar ƙanen maigidan, wadda ita ma tana da nata huɗu. Yara tara ke nan a hannun mace ɗaya har kusan kwana 40.

Ina zaune a ɗaki aka buɗe jaka aka shiga rabo. Jallabiya mai tsada da agogo, aka ce na shugaban maigida ne a wurin aiki. Abaya mai duwatsu da kwalbar turare, aka ware wa wata Hajiya mai hali a cikin garin Jega, wadda ko sau ɗaya ba ta leƙo gidan ba tun da aka tafi. Darduma mai laushi ta wani mai sarauta. Haka aka yi ta yi har jaka ta kusa kaiwa ƙasa. Can sai Hajiya ta ɗaga kai ta ga faccalarta tsaye a bakin ƙofa da ɗan autan goye a bayanta, don ya ƙi yarda da kowa sai ita. Sai ta ce, "Af, ke kuma ai na kusa mantawa da ke." Ta laluba ta ciro tasbaha ɗaya, da dabino a ƙulle cikin leda, da ɗan Zamzam a ƙaramar kwalba, ta miƙa mata. Baiwar Allah ta sa hannu biyu ta karɓa ta ce, "Na gode Yaya, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana." Ta juya ta fita.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne abin da na ji a tsakar gida bayan nan. 'Ya'yan Hajiya sun fito kowa da sabuwar riga, suna ta tsalle. Sai 'yar faccalar, yarinya mai kamar shekara shida, wadda ta yi kwana 40 tana raba tabarmarta da kwanonta da su, ta ja zanen uwarta ta ce, "Inna, ni ina tawa?" Uwar ba ta amsa ba, sai dai ta ja ta suka shige ɗaki.

Jama'a, wannan ba a gida ɗaya kaɗai ake yin sa ba. Ko a Jega kike, ko Aliero, ko Maiyama, in kin tsaya kin lura za ki ga mun juya tsaraba ta koma kai ƙasa, ƙafa sama. Babba ta tafi wurin wanda muke neman fada a gunsa, saura da guntu-guntu kuwa su ne rabon wadda ta hana idonta barci domin 'ya'yanmu. Ra'ayina a nan a fili yake: duk macen da ta yi tafiya ta bar 'ya'yanta a hannun wata, Hajji ne, ko Umra, ko hutu a Abuja ko Dubai, ko biki a Kano, to wadda ta riƙe yaran ita ce ta farko a rabon tsaraba, kafin surukai, kafin ƙawaye, kafin manyan gari.

Tsaraba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun ƙarni na 19 Jega babban zango ce a hanyar fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro, kuma falke yakan yi watanni bai ga gida ba. Masu zuwa Makka a ƙasa ta Barno da Sudan kuwa shekaru suke yi. Amma a wancan zamani galibi ko dai namiji ne kaɗai ya tafi uwa tana gida, ko kuwa a kwashi iyali duka a tafi. Jirgin sama ne ya kawo mana wannan sabon yayi na uwa da uba su tashi tare su bar ƙananan yara a hannun wani. Ɗawainiyar ta sauya, amma yadda muke rabon tsaraba bai bi ta ba.

Bari mu tsaya mu lissafa abin da ake nufi da "riƙe mini su kafin in dawo", don kalmar tana da sauƙin faɗi. Wanka ne safe da yamma. Wanki ne, har da tabarmar mai fitsarin kwance. Girki ne na baki tara maimakon huɗu, da itacensa da ruwansa. Shirya su ne zuwa makarantar boko da safe, da ta allo ko Islamiyya da yamma. Kitso ne, da rabon faɗa, da lallashin wanda ya farka cikin dare yana kukan uwarsa. Bugu da ƙari, Babbar Salla kullum tana zuwa ne alhazai suna can, saboda haka ita ce za ta ji da ɗinki da lalle da tuwon Salla da suyar nama, ta kuma tabbata 'ya'yanki ba su fita yawon Salla suna kallon na wasu ba. In tana da 'yar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko tuyar ƙosai ko gyaran shinkafa ta sayarwa, sai ta rage ko ta ajiye gaba ɗaya, jarin kuwa ya shige tukunya.

Sa'an nan ga abin da ya fi duka nauyi, watau fargaba. Ɗanta in ya yi ƙiriniya za ta tsawata masa yadda ta ga dama, amma naki sai ta yi ta kaffa-kaffa, don kada a dawo a ce ta ci zalinsa. In naki ya faɗi ya fasa goshi, ita za a tambaya. In ya yi zazzaɓi, ita ce a hanyar asibiti. Kada kuwa mu ɗauki zazzaɓi da wasa a jihar nan. Binciken da aka yi na ƙasa baki ɗaya a 2021 ya nuna yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, babu jihar da ta kai mu. Shi ya sa da aka tashi fara rigakafin cutar a watan Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Masu zuwa Umrar azumi kuma su tuna da watan Maris na 2025, ana cikin azumi, lokacin da hukumomin lafiya na jihar suka ba da sanarwar rasuwar mutum 26, galibinsu a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero, a ɓarkewar cutar da ake zaton sanƙarau ce. Ki duba halin macen da aka bar wa 'ya'yan wata a irin wannan lokaci, yaro ya ce kansa yana ciwo, uwa da uba suna wata ƙasa. Wannan ita ce za ki sallama da tasbaha ɗaya?

Akwai abubuwa uku da muke cakuɗawa, alhali kuwa kowane da matsayinsa. Na farko shi ne abin da yaran za su ci, da sabulu, da kuɗin magani da na makaranta. Wannan haƙƙi ne a kan uba, tilas ne ya ajiye shi kafin ya sa ƙafa a mota, ya kuma ajiye da yalwa, don gara ya yi saura da a rasa. In kun dawo kuka tarar ta ƙara da nata, to bashi ne, a biya ta kafin a yi zancen kyauta. Na biyu shi ne godiyar wahalarta, watau wani abu mai tsoka da za ta amfana da shi ita kanta. Na uku ita ce tsaraba irin wadda kowa ke samu don neman albarka, dabino da Zamzam da bagaruwa da kwalli. Kuskurenmu shi ne mu ba da na uku, mu ɗauka mun gama da na farko da na biyu.

Na san abin da wata za ta ce. Za ta ce, ke mai rubutun nan ba ki san yadda abubuwa suka koma ba ne? Na sani ƙwarai. A 2025 kuɗin kujera ya haura Naira miliyan 8. A 2024 guzurin da aka ba kowane alhaji Dala 500 ne, a ciki zai ci ya sha ya yi hidimarsa. An ƙayyade nauyin kayan da za a hau jirgi da su, Zamzam ma lita 5 ake ba mutum. Dangi kuwa ba su ragu ba, kowa ya zuba ido. Duk gaskiya ne. Amma ai wannan hujja tawa ce. In abu yana da yawa, ko ta ina aka fara rabo kowa zai samu. Sai abu ya yi kaɗan ne ake bukatar sanin wa za a fara ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Hajiyar nan ta cikin gari tana da abaya cike da akwati, taki ba za ta ƙara mata kome ba, wataƙila ma ta miƙa wa 'yar aikinta. Faccalarki kuwa da ita za ta je biki da suna shekara uku.

Kuma wa ya ce dole sai abin da aka sayo a Makka ko Madina? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: kowa ya san da yawa daga cikin tasbahohi da dardumomi da kayan wasan yaran nan daga ƙasar Sin ake kai su can, kuma irinsu suna nan a kasuwannin Kano da Sakkwato, alhazai da dama a nan gida suke cika jakarsu. Saboda haka tun kafin ki tafi, tun kuɗi suna hannu, ki shiga kasuwar Jega ki sayi turmin atamfa mai kyau da mayafi, ki ajiye a ƙasan akwati da sunanta. In Allah ya hore, a saya mata 'yar tunkiya ko akuya ta kiwo, wadda za ta haihu ta riƙa tunawa da ke. In maigida manomi ne, buhun shinkafa ko na albasa da za ta sayar ta mayar da jarinta ya fi mata agogo. In tana da yaro a makaranta, a biya masa kuɗin zango ɗaya. Daga can kuwa sai ki riƙo mata abu ɗaya wanda kika zaɓa da ita a ranki, irin launin da take so, daidai jikinta. Mace tana gane abin da aka saya dominta, tana kuma gane abin da aka tsinto a gindin jaka.

Wata kuma za ta ce, ai ƙanwata ce, ko uwata ce, ko abokiyar zamana ce, zumunci ne, in na ba ta wani abu mai yawa kamar na biya ta lada ne, za ta ji na raina ta. Wannan magana tana da daɗin ji, amma sau da yawa rowa ce ta sa mayafin kunya. Gaskiya ne ba za ta tambaya ba, kara ba za ta bar ta ba. In kin ba ta ma za ta ce, "Haba Yaya, ai da kin bari, ɗa na kowa ne." Ke dai kada ki bari. Kararta ba lasisi ba ce da za ki riƙa hawa kanta. Hausawa da suka ce yaba kyauta tukuici sun san alheri in ba a mayar da shi ba yakan gaji. Malamanmu kuma kullum suna tuna mana cewa godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah. To, ina amfanin ki dawo daga ɗakin Allah da sabon suna, ki fara da tauye wadda ta sa tafiyar ta yiwu?

Yadda ake bayarwa ma yana da muhimmanci. Kada ki jira sai ɗaki ya cika da 'yan barka sa'an nan ki kira ta ki miƙa mata a gaban jama'a kamar mai ba da sadaka. Ke za ki tashi ki je ɗakinta, a daren da kika sauka ko da sassafe, ki zauna, ki tambaye ta yadda suka ƙare, abin da ta kashe, wanda ya yi ciwo, ki saurara, ki yi mata godiya da bakinki. Maigida shi ma ya yi sallama ya yi tasa godiyar, musamman in wadda ta riƙe yaran matarsa ce da aka bari a gida aka tafi da 'yar'uwarta. Iyayenmu maza, ku ji wannan da kyau: matar da ta haɗiye kishi ta yi wa 'ya'yan abokiyar zamanta wanka da kitso ku kuna can, ba tsaraba kaɗai ta cancanta ba, ta cancanci a ce mata kujera ta gaba tata ce in Allah ya hore, a kuma cika alkawari.

Kada kuma a tsaya a kan babba kaɗai. A kowane gida akwai ƙananan hannuwa da suka ɗauki rabin aikin ba a ganinsu. Akwai 'yar riƙo ko 'yar aiki da ta yi ta wanke-wanke da goyo. Akwai almajirin gida da ya yi ta ɗebo ruwa da zuwa niƙa. Akwai babbar 'yarki da ta rasa kwanaki a makaranta saboda rainon ƙannenta, wanda ma bai kamata a bari ya faru ba tun farko. Akwai kaka da gwiwa ke damunta amma ta yi ta tashi tana leƙa su cikin dare. Kowane a kira shi da sunansa a ba shi nasa.

Mu zo ga yaran kansu. Yaro bai san tsada ba, abin da ya sani shi ne ko an tuna da shi, da kuma ko an ba ɗan'uwansa abin da ya fi nasa. Labarin Sahabi Nu'umanu ɗan Bashir sananne ne, Buhari da Muslim duk sun kawo shi: mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya je neman Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida, sai ya ƙi, ya umarce shi da ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa. To, in kin sayo wa naki riga, ki sayo wa na abokiyar zamanki, ki sayo wa na wadda ta riƙe su. In kuɗin ba za su kai riga tara ba, a sauko zuwa hula da ɗankwali tara, ko zobe da warwaro, kowa ya samu iri ɗaya. Riga biyar a gidan da ke da yara tara ba ta haifar da kome sai ƙiyayya tsakanin 'yan'uwa, kuma yara ba su mantuwa. Sau nawa kika ji babbar mace mai jikoki tana ba da labarin ranar da aka hana ta abin da aka ba 'yar'uwarta?

A kuma sayi abin da zai yi amfani. Bindigar roba mai ƙara da motar batir kwana biyu suke yi su karye, sai kuka da faɗa. Takalmi, da jakar makaranta, da ɗan Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe ga wanda ya fara karatu, su ne ke daɗewa. In ana so a haɗa da abin wasa, 'yar kyamarar nan da yara ke leƙawa su ga hoton Ka'aba ta isa, don ita aƙalla za ta jawo tambaya, ke kuma ki zauna ki ba su labarin inda kika je. Wannan zaman shi ne babbar tsarabarsu. Yaron da ya yi wata guda da kwanaki bai ga uwarsa ba, ya fi bukatar cinyarta a kan kome, amma sai mu yi sati muna karɓar baƙi muna korarsa waje.

Abu biyu zan ƙara a kan yara. Kada ki ja yaro gefe kina tambayarsa, "An dake ka? An ba ka nama?" Kina koya masa tsegumi ne, kuma maganar sai ta koma kunnen wadda ta wahala. In kin ga ya rame, ki tuna kewa ma tana ramar da yaro. Na biyu, ki ɗora wa yaran kayan godiyar su kai da hannunsu, su durƙusa su ce, "Gwaggo, mun gode." Nan ne za su koyi cewa wanda ya yi maka ɗawainiya ba a wuce shi.

Ku kuma 'yan'uwana da ake bar wa riƙo, ga tawa shawara. In kin san ba za ki iya ba, ki faɗa tun da wuri, ya fi ki karɓa kina gunaguni. In abincin da aka bari ba zai isa ba, ki buɗe baki kafin su tafi, wannan ba roƙo ba ne. In kuma an dawo an yi miki abin da bai yi miki daɗi ba, kada ki huce a kan yaran, ba su da laifi, ladanki kuwa yana wurin wanda ba ya mantuwa.

Ita 'yar'uwar tawa ta Dangamaji, da dare ya yi baƙi suka watse, na ce mata, "Hajiya, kin ji abin da yarinyar nan ta ce wa uwarta?" Na gaya mata. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce wallahi hankalinta bai kai nan ba, kuma na yarda da ita, don ba muguwa ba ce, hidimar manya ce ta rufe mata ido kamar yadda take rufe wa da yawanmu. Da gari ya waye ta ciro abayar da ta sayo wa kanta, ta aika kasuwa aka yanko wa yaran faccalar yadi, ta kai da kanta. An karɓa, an yi godiya, zama ya ci gaba. Amma da ta yi haka tun daren farko, da yarinyar nan ba ta kwana da tambayarta ba.

Saboda haka ke da kike shirin tafiya, kafin ki rubuta sunan kowa a takardar tsaraba, ki fara rubuta sunan wadda za ki miƙa wa 'ya'yanki, a ƙarƙashinsa ki rubuta na 'ya'yanta. Allah ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya bar zumunci, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.